Boris ɗin ƙafar tsohuwar Marsandi mai ɗaki: a ina zan samu, kuma yaya ake ɗaurawa?

Ɗan_Lopere:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ɗan ƙure mini. Mutanen Garwa ta nan Kamaru sun san farar Marsandin nan mai ɗaki da na gada wajen kawuna, Allah ya ji ƙansa, wadda yaran unguwa ke kira otel. 307D ce, ƙirar 1983, da gado biyu, da wurin girki, da tankin ruwa. Kawu ya saye ta hannun wani Bajamushe da ya ƙetaro Sahara da ita, guzurinsa ya ƙare a nan. Ni yanzu da ita nake bin kasuwannin ƙauye da maganin dabbobi, in dare ya yi mini in kwana a ciki.

Ranar Lahadi ina dawowa daga kasuwar Pitowa sai na ji ƙafar gaba ta dama tana gurnani, wuuu, kamar jirgin sama daga nesa. In na ƙara wuta ƙarar ta ƙaru. In na karya kwana hagu ta tsananta, in na karya dama ta lafa. Da na iso gida na kai hannu tsakiyar ƙafar, ba shiri na janye. Na zaga shago huɗu, duk wanda na ce wa ina neman rulman kampin-kar, wato boris ɗin mota mai ɗaki, sai ya girgiza kai, ɗaya ma cewa ya yi sai an yi oda daga Jamus. Nan da kwana 12 bikin ƙanwata a Ngaundare, kuma da motar nan aka shirya ɗaukar Dada da sauran tsofaffi saboda gadon. Ina mafita?

Usta_Farsha:
Wa alaikumus salam. Ɗana, sunan da kake faɗa musu shi ke korar su. Babu wani abu wai shi rulman kampin-kar. Masu ƙera ɗakin, irin su Hymer da Westfalia, gindin mota suke saya wajen Marsandi su ɗora ɗaki a kai. Daga katifa zuwa sama aikinsu ne, daga katifa zuwa ƙasa Marsandi ce zalla, daidai da 307D ɗin da ke jigilar albasa. An ƙera wannan samfurin daga 1977 har 1995, injin naka ma shi ne na 240D ɗin da aka yi taksi da ita shekara da shekaru. Ka daina ambaton ɗaki, ka ce musu 307D kawai, ka riƙe katgiriz, wato takardar rajistar motar, a aljihu saboda lambar shasi.

MaiSifaya_Mubi:
Usta ya faɗi rabi, bari in cika. Ko ita Marsandin ba ta ƙera boris, saya take yi wajen kamfanonin boris ta sa a kwalinta. Ka kwance ƙafar, ka wanke tsohon da kananzir, za ka ga lamba a gefen zoben. Da wannan lambar ake ciniki, ba da sunan mota ba. Shekarata 19 a shago, wanda ya zo mini da tsohon boris a leda ba ya minti biyar, wanda ya zo da sunan mota da baki shi ne mai dawowa gobe da faɗa.

ƊanKusuri:
To ku tsaya, boris ko rulma? Ni fa kun ruɗa ni.

MaiSifaya_Mubi:
Abu ɗaya ne. Mu ta nan boris, ku da kuka sha Faransanci rulma. In ya ƙone a daji duk sunansa ɗaya: kwana a hanya.

Baba_Saviem:
Yara kuna sauri. Wa ya tabbatar muku boris ne? Na tuƙa babbar mota ƙirar Saviem tsakanin Garwa da Marwa tun kwalta ba ta kai yadda take ba, na ga mutum ya sayi rulma sau biyu alhali birki ne ke kama masa ƙafa. Zafi kaɗai ba shaida ba ne. Ɗan_Lopere, ka sa jak ka ɗaga ƙafar, amma ka tokare motar da kututture mai ƙwari, kada ka yarda da jak shi kaɗai a kan yashin Garwa. Ka juya tayar da hannu ka saurara, in kana jin gurza-gurza to. Sannan ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, ka sa yaro ya taka birki ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace, rulma ne. Wasan yana nan, to kinfin ne, wato sandar da ƙafar ke karkata a kanta in an murza sitiyari, wannan kuma wani karatun ne dabam.

Direban_Falez:
Baba ya gama magana. Ni abu ɗaya zan ƙara: kada ka kuskura ka hau hanyar Ngaundare da wannan ƙarar. Kusan kilomita 280 ce, kuma tsaunin yana jiranka bayan Mbe. Hawa ma da sauƙi, saukowa ce masifa, birki yana zuba zafinsa cikin hob, wato cibiyar ƙafar da boris ke ciki, giris ya narke ya gudu. Shekara huɗu da suka wuce ina gangarowa da kaya na ji irin wannan gurnanin na ce bari in lallaɓa zuwa gari. Ban kai ba. Boris ya narke ya manne da ƙarfen, ƙafar ta karkace tana hayaƙi, Allah ne ya sa ina tafiya a giya ta biyu. Kwana uku na yi gefen hanya ina cin rogo.

Hajiya_Domayo:
Ɗan_Lopere, don girman Allah ka sa Dada a motar ajans, wato ta kamfanin sufuri. Motar da ta haura shekara arba'in ba a gwajin gyaranta da tsofaffi a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan_Lopere:
Hajiya, Dada ba ta iya zaman kujera awa biyar, bayanta ba ya bari, shi ya sa. Kuma saura kwana 12 ai ba ranar tafiya ba ce tukuna. Baba, na gode, da safe zan yi gwajin.

Injiniya_Dang:
Kafin ka kwance, bari in ɗan yi bayanin lambobin don kada a juya ka. A ƙafar gaba ta irin waɗannan motocin boris biyu ne, babba a ciki, ƙarami a waje, kuma ba masu ƙwallo ba ne irin na babur ko injin niƙa. 'Ya'yansu dogaye ne masu tsini gefe ɗaya, suna gudu a cikin wani zobe mai gangara da ake bugawa cikin hob. Wani Ba'amurke maƙerin keken doki, Henry Timken, shi ya yi rajistar wannan ƙirar a 1898, saboda tana ɗaukar nauyin sama da kuma turin gefe lokacin kwana.

Lambobin gida biyu ne. Akwai na milimita, irin 30205, 30206, 32007. A waɗannan ka ɗauki lamba biyu na ƙarshe ka ninka sau biyar, ka sami faɗin ramin. 30205 raminsa 25, bayansa 52. 30206 raminsa 30, bayansa 62. Akwai kuma na inci, galibi suna farawa da haruffa kamar LM ko L, kuma su lamba biyu gare su, ɗaya ta ɓangaren 'ya'yan, ɗaya ta zoben, misali LM67048 da LM67010. Motocin Turai da yawa suna da na inci a ƙafa, kada ka ce tunda Bajamushiya ce dole milimita.

Tarkon yana nan: LM48548 raminsa 34.925, shi kuwa 32007 raminsa 35 cif. Mai shago ya ɗora rula zai rantse maka ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, bayansu ma ya bambanta, ɗaya 65 da ɗoriya, ɗaya 62. Misali na kawo, ban ce su ne naka ba. Kada ka kwafi lambar kowa, ta jikin ƙarfenka ita ce gaskiya, domin mota mai wannan shekarun ba ka san abin da aka sauya mata a hanya ba.

ƊanKusuri:
Injiniya ya buɗe mana aji. Ni dai abin da na riƙe: ninka sau biyar.

Injiniya_Dang:
A na milimita kaɗai, kuma daga 04 zuwa sama. Ka ga yadda ake samun matsala ke nan.

Malam_Gidar:
Wannan motar ta tuna mini da zamani. Muna yara irinsu sukan wuce ta Gidar ayari-ayari, Turawa jajaye da gajeren wando, an ɗaure jarkoki da tsani a rufi, za su Rumsiki ko Waza kallon giwaye. Sukan tsaya su sayi mangwaro su ba mu biro. Da aka shiga shekarun 1990 hanyar Aljeriya ta lalace suka ragu, tun da aka sace iyalin nan Faransawa kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 kuwa sai ƙafa ta ɗauke gaba ɗaya. Yanzu in ka ga irinta to gado ce.

Baba_Saviem:
Malam, wasunsu ma ba yawon buɗe ido suka zo ba, sayar da mota suka zo. Su kawo Fijo 504, su sayar, su hau jirgi su koma. Mun sha sayen tayoyi a hannunsu.

Hajiya_Domayo:
Akwai wata irinta da ta shekara goma a bayan wani gida a unguwarmu, kaji ke ƙwai a ciki. Bara aka yanka ta aka sayar wa masu gwangwan.

MaiSifaya_Mubi:
Innalillahi. Hajiya, da kin san kuɗin da aka yanka. Ƙafafunta na gaba kaɗai da sun raba wannan gardamar.

Mai_Unguwa:
Jama'a a dawo kan boris, bawan Allah yana da biki a gabansa. Tarihin Turawa a buɗe masa nasa zaren.

Ɗan_Lopere:
Barkanmu da safiya. Na yi yadda Baba ya ce. Ƙafar tana gurza, tana kuma wasa, da yaro ya taka birki wasan ya ɓace. Muka kwance. Giris ɗin ya zama baƙi ƙirin kamar kwalli, da ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, wani wurin kuma ja kamar laka. Ƙaramin na waje lambarsa ta fito tas. Babban na ciki ya yi tsatsa, 'ya'yansa sun yi tabo, zoben kuma yana da layi-layi a jere, tazararsu ɗaya. Lambarsa rabi ta goge. Robar da ke tare giris ta baya ta bushe, da na taɓa ta sai ta karye kamar ƙuli. Na tura hotuna.

Usta_Farsha:
Na ga hotunan. Wannan layi-layin ba tafiya ce ta yi shi ba, zama ne. Gaya mini gaskiya, da damina wata nawa take yi a ajiye?

Ɗan_Lopere:
Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba ba na fita da ita sosai, hanyoyin ƙauye ba sa biyuwa. Kafin in ajiye ta bana kuma na ƙetare mayo, wato rafi, sau biyu, ruwa har rabin taya.

Usta_Farsha:
To ga amsarka. Hob yana da zafi ka tsoma shi a ruwa, iskar ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta bakin robar da ta riga ta mutu. Ka zo ka ajiye mota wata uku, ruwan ya kwanta daidai inda kowane ɗa ya taɓa zobe, ya ci wurin. Wannan ita ce cutar motoci masu ɗaki: ba sa tafiya kullum, kuma ba a taɓa sauke musu kaya. Motar haya takan je da lodi ta dawo wayam ta huta. Taka gado, katako, tukunyar gas, tanki, duk suna kanta dare da rana. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lissafa tankinka, ka ƙara kwalayen magani. Lambar 3 ɗin da ke farkon sunanta tana nufin ajin tan uku zuwa uku da rabi ne, har da nauyin ita kanta motar. Kuma tunda dama ta yi haka, hagu ma ruwa ɗaya suka sha. Saiti biyu za ka saya.

Ɗan_Lopere:
Usta, aljihun fa? Ga gudummawar biki.

Usta_Farsha:
Aƙalla ka buɗe hagun ka wanke ka duba. In zoben yana sheƙi babu tabo, sabon giris da sabuwar roba sun isa. In ka ga ko layi ɗaya, kada ka yi wa kanka ƙarya.

Yaron_Gareji:
Yaya, me zai hana ka je wajen masu kas, masu kwance tsofaffin motoci, ka ciro na okaziyo, wato na gwanjo? Na Turai ne na asali, ya fi sabon yanzu ƙarfi. Da tsohuwar zuma ake magani.

MaiSifaya_Mubi:
Zuma dabam, boris dabam. Ni ina sayar da na gwanjo, amma ba na ƙafar gaba ba. Yadda ake fitar da shi da guduma kaɗai ya isa ya kashe shi, kuma yawanci sai a ba ka 'ya'yan wani da zoben wani. Boris da zobensa mata da miji ne, tare suka tsufa, ba a raba su a haɗa da baƙo.

Direban_Falez:
Ni kuwa na goyi bayan yaron rabi. Bayan abin da ya same ni na sayi sabo fil a kwali mai kyau da sunan babban kamfani, ko wata biyu bai yi ba ya fara kuka. Da aka buɗe, ƙarfen ya yi laushi kamar na gwangwani. Jabu ne, an buga sunan mutane a kai. Na okaziyon da na sa bayansa yana nan har yau. Ban ce a yi koyi da ni ba, abin da ya faru na faɗa.

Injiniya_Dang:
Jabu ya yi yawa, gaskiya ne, kuma sunan da ya fi tsada shi aka fi kwaikwaya. Sunayen da aka sani su ne SKF na Suwidin, FAG na Jamus, Timken na Amurka, SNR na Faransa, sai Koyo da NTN da NSK na Japan. Duk wanda ka samu na gaske a cikinsu ya wadatar. Akwai manhajar waya mai suna WBA Check ta ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya, tana karanta tambarin da ke jikin kwalin wasu kamfanonin, SKF kuma suna da tasu, SKF Authenticate, ka ɗauki hoto ka tura su duba. Ba kowane kwali take kamawa ba, amma mai shagon da ya hana ka ɗaukar hoto ya riga ya ba ka amsa.

MaiSifaya_Mubi:
Ka kuma dubi farashi. In kowa na cewa goma wani ya ce uku, ba son ka yake yi ba. Maganar wuri: in ka turo mini awo zan duba nan Mubi, in babu in sa a ɗauko daga Ƙofar Ruwa a Kano, kwana uku zuwa huɗu ya iso Garwa in hanya lafiya.

Ɗan_Briketeri:
Me ya kai ku Kano? Kam Yabasi a Duwala babu abin Marsandi da ba a samu. A sa a mota zuwa Yawunde, a ba jirgin ƙasa na dare, da safe yana Ngaundare, zuwa yamma yana hannunka. Ina da ɗan'uwa a can, in kana so in haɗa ku ta akwatin sirri.

Baba_Saviem:
Ku duka kuna tsallake abin da ke ƙofar gida. Garwa garin auduga ce, hedkwatar Sodecoton tana nan, ga taraktoci, ga injinan niƙa, ga manyan motoci. Akwai masu sayar da rulma zalla na injina, ba ruwansu da sunan mota, lamba da awo kawai suka sani. Shagunan da ka zaga na kayan mota ne, shi ya sa. Ka nemi mai tona, wanda ke sassaƙa ƙarfe, ya auna maka babban da ma'aunin nan mai zamewa, rami da baya da kauri, ya haɗa da rabin lambar da ta rage. Shi zai gaya maka ƙofar da za ka buga.

Hajiya_Domayo:
Kwana nawa ya rage yanzu? Ina lissafi fa.

Ɗan_Lopere:
Tara, Hajiya. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta fito. Mai tona ya auna, ya cike lambar da kansa, ya tura ni wani ɗan shago da na sha wucewa ban taɓa kula ba. Duka biyun suna nan, na Japan, na sayi saiti biyu kamar yadda Usta ya ce, domin hagun ma da na buɗe ta fara tabo. Abin da babu shi ne robar baya. Yanzu ku koya mini ɗaurawa, ina so in tsaya a kan makaniken da idona.

Usta_Farsha:
Madalla. Robar ma da awo ake nemanta, lamba uku ne a jikinta: rami, baya, kauri. Mu nan jwan sipi muke ce mata, su MaiSifaya oyil sil. Kada a mayar da tsohuwa ko da ta yi kyau a ido, balle taka da ta karye.

Ga aikin. A wanke hob tas da kananzir ko gazuwal, a bar shi ya bushe, ba a kan ƙasa ba, a kan kwali mai tsabta, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Ƙurar birkin tsohuwar mota kada a hura ta da iska ko da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, na da can akwai asbestos a ciki. A fitar da tsofaffin zobba ta baya, ana bugawa gefe da gefe kaɗan-kaɗan, da ƙarfe mai laushi irin tagulla in akwai. Sabon zobe kada guduma ta taɓa shi kai tsaye. Ka sa a ɗan rage bayan tsohon zoben a dutsen wuta, a ɗora shi a kan sabon a riƙa bugawa, har ka ji sautin ya sauya ya zama tsaf, alamar ya zauna. In ka sa sababbin zobban a firiza tun dare sun fi shiga da sauƙi. Wuta kuwa kada a kusanto da ita, boris ba ya son ya wuce digiri 120.

Giris: a zuba a tafin hannu a riƙa danna bakin boris ɗin a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin 'ya'yan, zagaye ɗaya. Shafa a baya kawai ba komai ba ne. A nemi mai jure zafi, na ƙafar mota, lamba 2, tunda gabanta birkin faranti ne. Kada a gauraya iri biyu, kada kuma a cika hob ɗin fal, a bar wa iska wuri.

Sai ɗauri, inda ake kashe yawancinsu. A ɗaure notin ana juya ƙafar har ta fara nauyi, don komai ya zauna. A sassauta. A sake matsowa a hankali har wasan ya kusa ɓacewa, ƙafar tana juyawa sakayau. Sannan a kulle, ko da sabon gufil, wato tsinken ƙarfen da ke hana noti kwancewa, ko da ƙaramar kusar da ke gefen notin, duk wanda ka tarar.

Yaron_Gareji:
Usta, a garejinmu fa oga cewa yake a sa bututu a sufana a ɗaure tam, wai in an bar wasa ƙafa za ta fita.

Usta_Farsha:
Ƙaramar motar zamani mai boris a rufe, wadda notinta ke da ƙarfin ɗauri a rubuce, ita ake yi wa haka. Wannan mai gangara in ka ɗaure shi tam, da ya ɗau zafi ya kumbura ba shi da wurin numfashi, kafin Ngong ya ƙone. Sai a ce jabu ne. Ina ma zargin rabin jabun da ake kuka da shi hannun makanike ne.

Direban_Falez:
Usta, in da ni kake, nawa jabu ne, na ga ƙarfen da idona.

Usta_Farsha:
Ban kira suna ba, Alhaji. Amma wa ya ɗaura maka shi?

Direban_Falez:
Wannan kuma wata maganar ce.

Injiniya_Dang:
Don a san girman wasan da ake nufi: ƙa'idar da ake bi a manyan motocin Amurka tsakanin 0.025 ne da 0.127 na milimita, wato kamar kaurin gashin kai. Da agogon awo ake ganinsa daidai. Kowace mota da adadinta a littafinta, in mai tonan nan yana da agogon ka roƙe shi ya zo da shi.

Baba_Saviem:
Mu da babu agogo da yatsa muka yi shekara talatin. Bayan an gama ka yi tafiyar kilomita goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka dafa hob biyun. Ɗumi ba laifi. In hannu bai iya zama, ko ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, a koma a sassauta. In ka kai Ngaundare a sake ɗagawa a girgiza.

Ɗan_Lopere:
Jama'a, an samu robar, MaiSifaya ya turo ta ta hannun direban Mubi, useko. Hagu ta ɗauru lafiya. Amma dama ta kawo sabon zance. Da aka goge sandar da boris ke zama a kai, wurin babban ya yi shuɗi-shuɗi, kuma sabon yana shiga da sauƙi har yana ɗan juyawa a kai. Makaniken ya ce zai sassara wurin da fanci ya yi ƙuraje don ya kama. Na ce ya dakata in tambaya. Saura kwana biyar.

Usta_Farsha:
Kada ya sassara. Ƙurajen za su kwanta cikin sati, ka koma inda kake, ka kuma raunana ƙarfen da ke ɗauke da ƙafar gaba ɗaya. Amma ka sani, a wannan wurin dama da hannu boris ke shiga, ba da guduma ba, shiga da sauƙi ba laifi ba ne. Tambayar ita ce yana girgiza? Ka ja farce a ƙasan sandar, in ka ji gaɓa to ta cinye. Mai tona ya auna ta wuri uku.

MaiSifaya_Mubi:
In cin kaɗan ne akwai gam ɗin ƙarfe da ake sa wa irin wannan, Loctite suna yin sa. In ya yi yawa sai an sauya fizen, wato sandar kanta, gaba ɗaya, kuma wannan kam na gwanjo za ka nema. A nan ne motar da aka yanka a unguwar su Hajiya za ta yi rana.

Injiniya_Dang:
Gam a wurin da ake son boris ya zame lokacin saita wasa? Ban yarda ba. Kuma shuɗin nan yana nufin ƙarfen ya sha zafi, shi ya fi damuna fiye da cin.

Yaron_Gareji:
A cike da walda a sassaƙe mana, ana yi kullum.

Baba_Saviem:
Ana yi, na kuma ga inda ta karye daidai bakin waldar. A amalanke na yarda. A motar da za ta sauko tsauni da tsofaffi, a'a.

Ɗan_Briketeri:
Na kira ɗan'uwan nawa, ya ce akwai fizen 307 a Kam Yabasi, amma yana son lambar shasi da hoton naka ta gaba da baya, da tabbacin na dama ne. In ka turo kafin azahar gobe zai shiga jirgin jibi.

Hajiya_Domayo:
Ni dai na riga na yi wa jikana magana, yana da mota mai kujerar da ke kwanciya, ranar Alhamis zai bi ta Garwa. Ko an gyara ko ba a gyara ba, a tambayi Dada wacce take so.

Ɗan_Lopere:
Hajiya, na tambaye ta, ta ce ita motar ƙaninta za ta shiga ko ta zauna a gida. Mai tona zai zo da ma'auni bayan la'asar. Ɗan_Briketeri, duba akwatinka, na tura hotunan da lambar. Usta, in awon ya nuna cin bai kai kaurin gashi ba, in ɗaura haka ko in jira jirgin?

Usta_Farsha:
Turo mini adadin tukuna, na sama da ƙasa da na gefe da gefe, kowanne dabam. Kuma ka ɗauki hoton shuɗin a hasken rana, wanda ka turo ɗazu duhu ya yi masa yawa.